Mai gyaran kyamara na Sabon Gari da sabuwar kyamarar da ke ƙona hoto jefi-jefi

Duk mai ɗaukar hoton biki a Kano ya san mai gyaran kyamara na gaske wuya gare shi. Masu gyaran waya kam sun cika gari, kuma da yawansu idan ka miƙa musu kyamara ba za su ce ba su iya ba. Za su karɓa, su kwance, su mayar, su ba ka kayanka da ragowar sukurori a ƙulle a leda. Shi ya sa na ga ya dace in rubuta abin da na gani a wani ƙaramin shago da ke saman bene a Sabon Gari, wajen wani dattijo da ya fara sana'ar tun zamanin fim da wankin hoto a ɗaki mai duhu. Ban nemi izininsa ba, don haka ba zan kama sunansa ba; 'yan sana'a ma sun riga sun gane wanda nake nufi. Aikinsa ya fi shagonsa kyau nesa ba kusa ba, kuma zan faɗi duka biyun.

Ni aikina hoton mata ne: kamu, sa lalle, yinin biki, walima, wuraren da iyaye ba sa son namiji ya shiga da kyamara. Na sayi sabuwar kyamara a kwalinta, irin mai madubi a ciki, tare da lens ɗin da suke zuwa da shi, mai zuƙowa, wanda iyakar buɗewar ƙofar haskensa f/4 ne (ƙaramar lamba ita ce ƙofa mai faɗi, babba kuma matsattsiya). Sunan kamfanin ma zan bar shi, domin laifin bai zama nasu ba. Ba kuma da araha na saya ba, balle a ce mini araha ba ta ado.

Ga yadda ciwon yake. Amarya na zaune a tsakar gida, ƙawaye sun kewaye ta da anko, sai in danna a jere ba tare da na taɓa komai ba. Yawancin hotunan su fito daidai, sai a tsakiyarsu ɗaya ya fito fari fat. Leshin ya koma farar takarda babu zane, kwalliyar da aka ɓata rabin yini ana yi ta wanke, goshi da kumatu sun zama fili. Hoton da ya yi duhu ana iya ɗago shi a kwamfuta, musamman idan a RAW aka ɗauka, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta sarrafa ba. Wanda ya ƙone kuwa ya tafi ke nan, don babu abin da ya rage a wurin da za a dawo da shi. Kuma abin ba ya sallama. Sai a yi biki guda lafiya lau, a na gaba ya faɗo daidai lokacin da dangin ango ke fesa wa amarya turare, abin da ba a ce wa a sake. Da dare a ɗakin taro kuma sai wani salon ya ɓullo: wannan hoton da ɗan duhu, na bayansa da haske, wani ya ja rawaya, wani ya ja kore.

Na fara komawa inda na saya. Yaron shagon ya karɓa, ya ɗauki hoton kantar da ke gabansa, ya juyo mini da allon.

"Kin gani, Hajiya? Lafiyarta ƙalau. Saiti ne kawai, sabuwar kyamara sai an saba da ita."

Na nuna masa hotunan da suka ƙone, ya ce rana ce. Na nuna masa na dare, ya ce duhu ne. Daga nan ya sa yatsa a ƙasan rasit inda aka buga cewa kayan da suka fita ba a dawo da su. Irin wannan ciwon da ba ya tashi a gaban likita shi ne ribar mai shago, ya sani, ni ma na sani.

Wata abokiyar sana'a ce ta kwatanta mini wajen dattijon. Da na shiga na gaishe shi, na fara zuge jaka, sai ya ɗaga hannu.

"'Yata, ajiye kyamarar tukuna. Ina katin da hotunan suke?"

Wannan ne abu na farko da ya burge ni, kuma a kansa sauran aikin ya ginu. Ya sa katin a wata tsohuwar laftof da aka ɗaure murfinta da salatif, ya ware hotunan gida biyu, na rana daban, na dare daban. Sannan ya riƙa buɗe hoton da ya lalace tare da lafiyayyen da ke gabansa da na bayansa, yana karanta bayanan da kyamara ke rubutawa a jikin kowane hoto, waɗanda ake kira EXIF: saurin shota (labulen da ke buɗewa haske ya shiga), faɗin ƙofar haske, lambar ISO (ƙarfin jin haske na kyamara), da irin awon hasken da aka yi.

Bayaninsa gajere ne, na kuma riƙe shi kusan yadda ya faɗa. "Idan lambobin sun canza daga wannan hoton zuwa wancan, kyamara ce ta yanke shawara, ko ta yi daidai ko ta yi kuskure, wannan maganar saiti ce. Idan lambobin ba su motsa ba amma haske ya canza, to ko wutar wurin ce ke wasa, ko akwai ƙarfen da aka ba umarni bai bi ba."

Da wannan ma'aunin ya sallami waɗanda aka saba zargi, ɗaya bayan ɗaya, cikin mintuna kaɗan. Akwai saitin da ke sa kyamara ta ɗauki hoto uku da haske daban-daban, daidai, duhu, haske, ta sake zagayowa. Idan aka bar shi a kunne mutum sai ya rantse kyamara ta haukace, amma shi tsari gare shi, kuma yana rubuta kansa a cikin bayanan. Nawa babu tsari. Akwai maɓallin ƙara haske ko rage shi da hannu ke iya gogewa a cikin jaka. Nawa yana kan sifili a duka hotunan. Akwai awon haske na ɗigo guda, wanda idan ya sauka a kan baƙin mayafi sai kyamara ta buɗe har komai ya ƙone, idan ya sauka a kan farar shadda ta rufe har fuska ta yi duhu, domin ita kullum ƙoƙarinta ta mayar da abin da ta auna toka-toka, mai mayar da wajen kashi 18 cikin 100 na hasken da ya sauka a kansa. Wannan ma ba shi ba ne, don ni a M nake aiki, ni ke zaɓar lambobina, ISO ɗin ma ban bar wa kyamara ba. Ya tambaye ni ko da filasha na ɗauki na daren, domin filashar da ba ta gama cika ba takan ba da hoto mai duhu idan an danna da sauri. Na ce babu filasha.

Lambobi dai ba su motsa ba, a gida biyun. Sai ya ce ashe ɓarayi biyu ne, ba ɗaya ba, kuma na dare ba a cikin kyamarar yake ba.

Na daren ya warware shi nan take. Wutar lantarkinmu, kamar ta Nijar da Gana, tana juyawa sau 50 a daƙiƙa (ta Amurka 60 ce). Dogon ƙwai irin na da da kuma ƙananan ƙwayayen LED masu araha suna bin wannan juyin, haskensu ya tashi ya sauka sau 100 a daƙiƙa. Ido ba ya kamawa, shota na kamawa. Idan aka sa 1/250 ko 1/500 don tsayar da masu rawa, kowane hoto yankin wannan hawa da saukar yake samu: wani ya dace da ƙololuwa, wani ya faɗa kwari, launi ma ya bi. Idan aka sauko 1/100 ko 1/50, hoton ya haɗiye zagaye cikakke, sai su daidaita. Ya duba nawa, na dare duka a kan 1/320 suke. Wannan sanannen abu ne, har kamfanoni sun yi masa magani: Canon ta saka saitin kauce wa ƙyaftawar wuta a 7D Mark II a 2014, daga baya sauran ma suka bi, kyamara ta jinkirta shota ɗan kaɗan har hasken ya kai ƙololuwa. Abin da dattijon ya ƙara mini, wanda ba a cika samu a littafin kyamara ba, shi ne maganar janareta. Yawancin ɗakunan bikinmu a kan inji suke kwana. Ƙaramin inji sai ya riƙe juyi 3000 a minti kafin ya ba da 50 ɗin nan, babban na dizal 1500, kuma da zarar na'urorin sanyaya ɗaki sun ɗauka gaba ɗaya sai injin ya nishi, juyin ya sauka, ƙwayaye su bi shi. Fitilun mai kiɗa masu launi kuma nasu ƙyaftawar daban ce, da sauri sosai, saitin nan ba ya iya musu. Shawararsa ita ce a irin wannan wurin in dogara da filashata ta zama ita ce babban haske a fuska, in bar na ɗakin ya cika baya.

Na ranar ne ya zauna a kansa, nan kuma na ga bambancin mai gyara da mai kwancewa.

Ya kafa kyamarar a kan ƙafa uku, ya fuskantar da ita bangon maƙwabta ta taga, inda rana ke dukan farin fenti ba gajimare. Ya sa M, ya buɗe ƙofar haske har iyaka, f/4, ya yi ta dannawa. Duka iri ɗaya, ko ɗaya bai kauce ba. Ya matse zuwa f/11, ya rage saurin shota daidai gwargwado, ya sake. Aka daɗe babu komai, har na fara jin kunyar kada a ce na kawo ƙarar banza. Shi ko a jikinsa, yana dannawa yana hira da wani yaro da ya kawo caja. Can sai ga shi, fari fat.

"Yauwa," ya ce. "Ya fito."

Bai tsaya nan ba. Ya cire lens ɗina ya ɗaura wani tsoho nasa, ya maimaita a f/11 har ya gaji, babu ko ɗaya. Ya ɗauko wata kyamara da ke jiran mai ita, ya ɗaura mata nawa, ciwon ya bi lens ɗin. Ya goge 'yan ƙarafunan nan masu ruwan zinare da ke haɗa lens da kyamara da ɗan ƙyalle da sifirit, don datti a wurin ma yakan kawo irin wannan rikicin, ya sake gwadawa, bai sauya ba. Har zuwa nan bai taɓa sukudireba ba.

Sannan ya kira ni kusa. Ya juya lens ɗin ta baya ya nuna mini wani ɗan ƙarfe da ya leƙo, bai kai ƙwayar shinkafa biyu ba. Ya tura shi da farce, ganyayyakin ƙofar haske da ke ciki suka buɗe, ramin ya yi faɗi. Ya saki. Ya kamata su koma su tsuke nan take, da ɗan sauti, kafin ido ya bi su. Yawancin lokaci haka suka yi. Amma jefi-jefi sai ka gan su suna tafiya a hankali, su ɗan tsaya a rabi, sannan su ƙarasa, kamar ƙofar katako da damina, yau ta rufu gobe ta cije. Ya haska tocila a karkace, sai ga wani ɗan sheƙi a gefen ganye biyu. Mai ne. Ganyayyakin nan a bushe ake son su. Man da ake sa wa zaren zuƙowa ne zafi ke narkarwa ya gangaro kansu, idan kuma sanyin safiyar hunturu ya zo ya yi kauri ya riƙe su.

Lissafin kuwa mai sauƙi ne idan an ji shi. Irin wannan kyamarar tana barin ƙofar a buɗe gaba ɗaya don ka gani da kyau, sai a daidai lokacin da ka danna take sakin ƙarfen, ganyayyaki su tsuke zuwa lambar da ka zaɓa, shota ya buɗe. Duk wannan cikin ƙiftawar ido. Daga f/4 zuwa f/5.6 zuwa f/8 zuwa f/11, kowane mataki rabin hasken na baya ne. Idan ka nemi f/11 amma ganyen ya makara a f/5.6, haske ninki huɗu ya shiga. Idan bai motsa ba sam, ninki takwas. Ita kuma kyamara abin da ta umarta take rubutawa, f/11, ba abin da ya faru ba. Shi ya sa yaron shago da ya ɗauki hoton kantar shagon a cikin inuwa, ƙofa a buɗe, ba zai taɓa gani ba, ko da zai yini yana dannawa. Dattijon ya koma kan hotunan bikin ya nuna mini wata shaida da ke gabana tun farko: a duk hoton da ya ƙone, bangon da ke bayan amarya ya fi dishewa fiye da na kusa da shi. Alamar buɗaɗɗiyar ƙofa ke nan. Duk wanda ke fama da irin wannan ya duba wannan alamar kafin ya kai kayansa ko'ina.

Na ce, "To Baba, mai a sabon lens?"

Bai amsa ba, sai ya miƙo mini gilashin ƙara girma ya nuna sukurorin da ke riƙe zoben ƙarfe na baya. Kan biyu daga ciki ya ɗan gurje, alamar sukudireba ta taɓa shiga. Zoben kansa da zanen goga na ɗaurawa da cirewa wanda 'yan makonnina ba za su yi ba. Ya ce in karanto masa lambar da ke jikin lens, shi kuma ya duba wadda ke kan takardar garanti a cikin kwalin. Ba su zo ɗaya ba. Ta kyamarar kuwa ta yi daidai, kuma adadin dannawar da ta ƙirga ya yi kusa da abin da na ɗauka. Wato jiki sabo ne, lens ɗin kuma wani ya ci ya rage, aka goge shi aka sa a kwali. Ko a nan aka yi musayar ko tun kafin kayan su iso, wannan bai ce ba, ya ce shi abin da idonsa ya gani kawai zai faɗa.

A nan ne ya yi abin da ya sa nake rubuta wannan. Wanke ganyayyakin aikinsa ne, kuɗi ne a gabansa, amma ya ce kada in bari ya buɗe. "Ina sa masa sukudireba, mai shagon ya samu abin faɗa. Ki mayar masa yadda yake." Ya yage takarda ya rubuta lambobin biyu, da yadda za a gwada a gaban kowa: rana, farin bango, f/11. Ya kuma gaya mini gaskiya cewa lens mai zuƙowa idan an warware shi har ciki, daidaita gilasansa yadda kamfani ya yi na buƙatar na'urar da shi ba shi da ita, yana iya ƙoƙarinsa amma ba ya rantsuwa. Kafin a sasanta kuma, ya ce in tsaya a f/4 in riƙa sarrafa haske da shota: a tsakiyar rana da ISO 100 wajen 1/1600 ke nan. Na yi biki a haka, ko hoto ɗaya bai ƙone ba, sai dai hoton taron dangi ya wahalar da ni, don layin baya ba ya fita tas a irin wannan buɗewar.

Kuɗin da ya karɓa na dubawa bai kai na katin memori mai kyau ba, kuma sai da na tambaya sannan ya faɗa.

Yanzu ga inda shagon ya gaza, don kada wata ta je ta ce ban gaya mata ba. Benen matsattse ne, babu fitila a matakala. Kujera ɗaya ce ta baƙo, yawanci da kaya a kanta, kuma mace idan ta zo za ta tsaya ne a tsakanin samari masu jiran caja da batir. Ba ya ba da rasit idan ka bar kaya, sai dai ya liƙa salatif ya rubuta sunanka da biro, abin da ban ji daɗinsa ba ganin kayan miliyoyi jere a kan kanta ɗaya. Tagar da ya yi gwajin da ita a buɗe take yini, ga ƙurar hunturu; na lura yana rufe ta kafin ya cire lens, yana kuma juya bakin kyamara ƙasa, amma ɗakin da ake buɗe kyamara ya kamata a ce ya fi haka tsabta. Wayarsa kuwa ado ce, kira goma ba ya ɗaga ɗaya. Kuma ba shi da sauri. Mai biki gobe da safe kada ya kawo masa kaya yau da yamma yana sa ran karɓa. Ba zai hanzarta don kai ba, ba kuma zai yi maka ƙaryar ya gama ba. Sababbin kyamarori marasa madubi yana duba su, yana share musu ƙura, yana gano inda ciwo yake, amma idan abin ya kai ga allon lantarki na ciki zai ce maka Legas, kai tsaye.

Da takardar da dattijon ya rubuta na koma inda na saya, wannan karon na nemi mai shagon da kansa. Muka fita bakin titi da rana, na sa f/11 na fuskanci bango. Sai da aka ɗan jima, yaron har ya fara murmushi, sannan fari ya bayyana a allo. Na ajiye takardar garanti kusa da lens ɗin ya karanta lambobin da idonsa. Ya ce haka kwalin ya zo masa, na ce to wannan tsakaninsa da wanda ya sayar masa ne. Bai mayar da kuɗi ba, amma ya yarda ya canza, kuma na ce ba zan karɓa ba sai an duba. Wanda ya kawo daga baya na hau da shi benen nan, dattijon ya tura ɗan ƙarfen da farce ya saki, ya sake, ya sake, ya duba sukurori da gilashinsa, ya gwada a taga. Lambarsa ma ba ta dace da tsohuwar takardar ba, tunda daga wani kwalin aka ciro shi, don haka na sa mai shagon ya rubuta sabuwar lambar a bayan rasit ya sa hannu.